Koren Zare

Barira ta iso daga Yamai ran Lahadi,
Tawa na tsakiyar cin kasuwa.
Ko furar uwarta ba ta shanye ba
ta miƙo mani waya: “Baba, dubi nan.”
Wani koren zare na gani yana hawa
kamar kulɓa a jikin katanga.

“Yuraniyom ne. Duniya ta yi yaji, ta dawo masa.
Ana ta gina tashoshin nukiliya,
kowa na son wuta marar hayaƙi.
Sayar da garkarka ta bakin Babaye
mu sayi hannun jari tun bai fi ƙarfinmu ba.”

Na yi dariya har tari ya ƙwace ta.

Yarinya, shekara goma sha tara ina goyon abin nan.
Daga Arlit har inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara,
ganguna a bayana ɗaure da sarƙa,
jandarma gaba, jandarma baya.
Na san nauyinsa a tafin ƙafata in na taka burki,
na san kowane rami tsakanin Abalak da Tabalak
kamar yadda harshe ya san giɓi.
Amma launinsa, wallahi ban taɓa gani ba.
An ce rawaya ne, wai kamar garin ɗorawa.

Tankari, yaron motata,
shi ke kwana ƙarƙashin kaya saboda inuwa.
Bai kai arba’in ba muka kai shi makwanci.
Ban ce shi ne ba.
Likita ma bai ce ba.
Ni dai ina ƙirga tarina da asuba, ba na gaya wa kowa.

Ina cikin magana kuran ya ɗauke.
Bilbis ta yi ɗif,
fanka ta juya sau uku ta haƙura.
Wayar kaɗai ta rage,
tana haska haɓar ’yata daga ƙasa,
haɓar uwata sak, mai taurin kai.

“Ai shi ya sa, Baba,” in ji ta cikin duhu.
“Kai ka ɗauka a gadon baya,
wasu suka ɗauka a aljihu
ba su ko san ina ne Abalak ba.
So nake sau ɗaya, ko a layin ƙarshe ne,
sunan gidanmu ya shiga takardar masu shi.”

Na rasa ta cewa.
Sauro ya yi mani magana a kunne, na kore shi.

Albasa in za ta ruɓe
tun daga ƙofar rumbu hancina ke gaya mani.
Wannan zaren fa, in ya tsinke da tsakar dare
a wani birnin da rana ba ta faɗi ba tukuna,
wa zai ji warinsa daga nan?

Garka ba ta sayarwa ba ce.
Ƙashin bayana ne na mayar ƙasa,
taƙi bayan taƙi, da kuɗin sallama.
Sai dai na shiga ɗaki da lalube,
na ɗaga tabarma, na zaro kuɗin albasar bana,
jikka ɗari da tamanin, da ƙanshin rumbu a jikinsu.
“Ungo. Saya mana na wannan.
In za a rubuta suna, ki tambaye su
ko akwai wurin da za a sa Tankari.”

Ta ƙirga a hasken waya, ba ta ce uffan ba.
Uwarta ta kawo fitilar ƙwai.

Da za ta kwanta na ce ta bar mani wayar.
Na zauna bakin zaure ina kallon zaren,
ya hau kaɗan, ya sauko kaɗan, yana numfashi.
Can kan kwalta wata babbar mota ta sauya giya.
Daga kukanta na gane ba kaya a bayanta.